Bill Robinson, Gwanin Rawar Matattakala: Tambayoyi da Amsoshi

Akwai wani tsohon bidiyo baƙi-da-fari da ke yawo a intanet, inda wani dattijo baƙar fata sanye da kwat yake hawa matattakalar bene da rawa, riƙe da hannun wata 'yar ƙaramar Baturiya mai nannaɗaɗɗen gashi. Dattijon nan shi ne Bill Robinson, wanda Amurkawa suka fi sani da laƙabin Bojangles. Yawancin masu kallo iyakar abin da suka sani game da shi ke nan, alhali sa'ad da aka ɗauki wannan hoto ya riga ya shafe fiye da shekara 40 yana cin abinci da ƙafafunsa. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Wane ne shi, kuma daga ina ya fito?

An haife shi a birnin Richmond na jihar Virginia ranar 25 ga Mayu, 1878, shekara 13 kacal bayan an haramta bauta a Amurka. Richmond kuwa ita ce hedikwatar jihohin Kudu da suka yi yaƙin basasa don kada a 'yanta bayi, saboda haka ana iya gane irin garin da yaron ya buɗe ido a cikinsa. Mahaifinsa Maxwell ma'aikacin inji ne, mahaifiyarsa Maria mawaƙiya ce a coci. Dukansu biyu sun rasu tun yana ƙarami, sai riƙonsa ya koma hannun kakarsa Bedelia, wadda ita kanta an bautar da ita a ƙuruciyarta.

Sunansa na yanka Luther. Labarin da shi da kansa yake bayarwa shi ne bai son sunan, sai ya matsa wa ƙanensa Bill suka yi musaya. Ya rasu a New York ranar 25 ga Nuwamba, 1949, yana da shekara 71.

Mene ne wannan wasan dandamali da ake cewa ya fito daga cikinsa?

Amurkawa suna kiransa vaudeville. Kafin rediyo da fim mai magana, shi ne babbar nishaɗin talaka da mai kuɗi a ƙasar, tun daga wajen 1880 har farkon shekarun 1930. Mutum zai biya kuɗin ƙofa ya zauna, a yi ta fito masa da 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya: mawaƙi, ɗan barkwanci, mai rufa-ido, 'yan tsalle-tsalle, mai wasa da karnuka, ɗan rawa. Kowa yana da 'yan mintunansa, babu labarin da ya haɗa su. In ka burge jama'a a cikin mintunan nan, mako mai zuwa kana wani gari. In ba ka burge ba, manajan gida ya sallame ka tun a daren farko.

Harkar tana hannun manyan kamfanoni masu jerin gidajen wasa a garuruwa daban-daban. Na B. F. Keith da Edward Albee ne ke riƙe da gabashin ƙasar, Orpheum kuma yamma. Burin kowane ɗan wasa shi ne ya taka dandamalin gidan Palace da ke New York, wanda aka buɗe a 1913. Baƙaƙen fata suna da nasu jerin gidajen, wanda ake kira TOBA, inda kuɗin kaɗan ne, wahalar tafiya kuma ba a magana. Kaɗan ne daga cikinsu suka tsallaka zuwa gidajen Turawa. Robinson yana cikin waɗannan kaɗan ɗin, kuma ya kai ƙololuwa.

Wace irin rawa yake yi?

Rawar taf, wato rawar da ƙafa ke yin kiɗa. Ɗan rawa yana buga ƙasan katako da yatsu da diddige, sautin da ke fita shi ne rabin wasan. Wanda ya san yadda akayau ke amsa kiɗa a ƙafar ɗan rawa a ƙasar Hausa zai gane manufar, sai dai a nan takalmin da daɓen ne ke magana.

Asalinta gauraye ne. Bayin da aka kwashe daga Afirka ta Yamma da ta Tsakiya sun je da salon rawarsu da kiɗansu. Bayan tawayen bayi na Stono a 1739, jihar South Carolina ta kafa doka a 1740 da ta hana su kaɗa ganga, don tsoron kada su riƙa kiran juna da ita. Kiɗan bai mutu ba, ya koma tafi da bugun cinya da bugun ƙafa. Daga baya wannan ya haɗu da rawar ƙafa ta 'yan ci-ranin Ireland da rawar takalmin katako ta ma'aikatan masaƙun arewacin Ingila, musamman a unguwannin talakawa na New York inda baƙi da 'yan Ireland suke zama kafaɗa da kafaɗa. Tun a shekarun 1840 wani saurayi baƙar fata, William Henry Lane, ya yi suna da ita har Landan.

Abin da Robinson ya kawo sabo shi ne sauƙi da tsabta. Kafin shi, gwanaye irin su King Rastus Brown suna rawa da tafin ƙafa duka a ƙasa, da nauyi. Shi kuwa ya ɗaga rawar ya mayar da ita kan yatsu. Yana tsaye cak, ƙirji a miƙe, hannuwa ba sa yawan motsi, fuska tana murmushi, ƙasa kuma ana jin kowane bugu daban, ba wanda ya hau kan wani. Takalminsa mai ƙasan katako ne da aka raba biyu don ya lanƙwasu, ba mai ƙarfe ba irin na 'yan baya, shi ya sa sautinsa yake da taushi. Ba ya tsalle-tsalle ko juyi a sama. Masu neman abin mamaki na ido za su iya raina shi da farko. Sai an saurara da kunne ake gane inda gwanintar take.

Yaya aka yi ya fara?

Da rawar kwabo a bakin gidajen shaƙatawa na Richmond, tun yana ɗan shekara biyar ko shida. Makaranta ba ta riƙe shi ba. Yana wajen shekara 12 ya gudu Washington, ya yi aikin yaron barga a filin sukuwa na Benning. Daga nan ya shiga ayarin wasa a farkon shekarun 1890. A lokacin akwai al'adar da mawaƙiya Baturiya za ta ɗauki 'yan yara baƙaƙe su riƙa rawa a bayanta don su ƙawata wasanta, kuma ta wannan ƙofa ya shiga, a ƙungiyar Mayme Remington. Aiki ne na ɗan lokaci, domin da zarar yaro ya yi tsawo an gama da shi.

Sunansa ya fara fita a 1900, lokacin da ya shiga gasar rawa a gidan wasa na Bijou da ke Brooklyn ya kayar da Harry Swinton, wanda a lokacin ake ganin babu kamarsa.

An ce ya karya wata doka ta hana baƙar fata fitowa shi kaɗai. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, ko da yake ba dokar gwamnati ba ce, ƙa'ida ce ta masu gidajen wasa. Ba a yarda baƙar fata ya tsaya shi kaɗai gaban Turawa ba, sai dai su fito su biyu. Dalilin a fili yake: mutum ɗaya a dandamali shi ne mai gida na wannan lokaci, kowa shi yake kallo, shi yake saurara, kuma ba a shirya ba wa baƙi wannan matsayi ba.

Don haka daga 1902 Robinson ya haɗu da George W. Cooper, suka yi shekara 12 tare. Cooper ne mai kwat da natsuwa, Robinson ne ke fitowa a matsayin wawa da tufafin ban dariya, rawarsa ma ba a ba ta fili sosai ba. Amma akwai abin da suka ƙi yi, wato shafa baƙin gawayi a fuska. A zamanin, Turawa 'yan wasa suna shafa baƙi su zana jan baki don su kwaikwayi baƙaƙe da izgili, har ta kai baƙaƙen 'yan wasa ma ana tilasta musu su shafa a kan baƙin da Allah ya ba su. Robinson ya fito da fuskarsa.

Bayan rabuwarsa da Cooper a 1914, wata mawaƙiya mai suna Rae Samuels ta haɗa shi da mijinta Marty Forkins, wanda ya zama manajansa har ƙarshen rayuwarsa. Forkins ne ya yi ta turawa har gidajen Keith da Orpheum suka karɓe shi shi kaɗai. A ganiyarsa ana biyansa har dala 3,500 a mako, kuɗin da ma'aikaci na wancan zamani ba ya samu a shekara.

Mece ce rawar matattakala?

Ita ce tambarinsa, ya fara nuna ta a 1918. Ana kawo wata 'yar matattakala ta katako mai hawa ta gefe ɗaya da sauka ta ɗaya gefen, a ajiye a tsakiyar dandamali. Zai fara a ƙasa, yana zagaya ta kamar ba ruwansa da ita. Sai ya ɗan taɓa matakin farko da yatsa, ya janye. Ya sake taɓawa, ya hau biyu, ya sauko ɗaya. Kowane mataki yana da nasa amo, kuma yana bugun saman matakin da kuma fuskarsa ta tsaye, saboda haka hawan kansa ya zama waƙa: sauti yana tashi yana sauka, yana ninka gudu a inda ba a zata ba, sa'annan ya koma daidai kan kiɗa ba tare da ya kauce ko kaɗan ba. Duk wannan yana yi yana hira da 'yan kallo da idanu.

Ba shi ne mutum na farko da ya taɓa rawa a kan matattakala ba, King Rastus Brown ma ya yi ta cewa tasa aka ɗauka. Amma babu wanda ya gyara ta ya kai ta inda Robinson ya kai ta. Ya nemi hukuma ta yi masa rajistar mallakarta, aka ƙi. Abin da doka ba ta ba shi ba sai 'yan sana'a suka ba shi: ɗan rawa da ya kwaikwaye ta ba da izini ba ya san zai gamu da fushinsa, kuma Robinson ba mutum ne da ake son a gamu da fushinsa ba.

Wanda ke son ganin cikakkiyarta ya nemi fim ɗin Harlem Is Heaven na 1932, wanda baƙaƙen fata zalla suka fito a ciki. A ganina wannan 'yan mintuna sun fi duk abin da Hollywood ta ɗauka nasa daga baya, domin a nan babu wanda yake yi wa hidima, shi da matattakalarsa ne da mai piyano.

Me ya sa bai shiga fim ba sai da ya manyanta?

Dalili na farko, fim ɗin farko bebe ne. Rawar da rabinta sauti ne ba ta da amfani a allon da ba ya magana. Sai a 1927 fim mai sauti ya kankama, lokacin Robinson yana dab da shekara 50.

Na biyu, fim mai sautin ne ya kashe wasan dandamali. Mai gidan wasa ya ga cewa gwangwanin fim ɗaya ya fi masa arha a kan biyan 'yan wasa tara da makaɗa, ga rediyo tana kai nishaɗi har ɗaki kyauta, ga karayar tattalin arziki ta 1929 ta tsotse aljihun jama'a. Gidajen Keith da Orpheum kansu an narkar da su cikin kamfanin fim na RKO a 1928, gidan Palace ma ya koma nuna fim a 1932. 'Yan wasa suka yi ta tururuwa zuwa Hollywood don babu sauran wurin zuwa.

Kafin nan Robinson ya sami wata babbar dama a Broadway, unguwar manyan gidajen wasan kwaikwayo ta New York. A 1928 aka saka shi cikin Blackbirds of 1928, wasan baƙaƙe da aka shirya don Turawa 'yan kallo, wanda aka yi fiye da sau 500. Manyan masu sharhi na New York suka yi ta yabonsa kamar sabon tauraro, mutumin da ya shafe fiye da shekara 30 yana wannan aiki a gabansu. Fim ɗinsa na farko shi ne Dixiana na kamfanin RKO a 1930. Ya fito ya yi rawa shi kaɗai, ba shi da alaƙa da labarin. Da gangan ake tsara fitowar baƙaƙe haka, don gidajen sinima na Kudu su iya yanke wurin ba tare da labarin ya lalace ba.

Yaya alaƙarsa da Shirley Temple take?

Shirley Temple ita ce 'yar Baturiyar nan ta cikin bidiyon hawa bene. Fim huɗu suka yi tare a kamfanin Fox: The Little Colonel da The Littlest Rebel a 1935, sai Rebecca of Sunnybrook Farm da Just Around the Corner a 1938. A na farkon tana da shekara 6, shi yana da 56. Ita ce tauraruwar da ta fi kowa kawo kuɗi a Amurka a tsakiyar shekarun 1930.

A The Little Colonel ya fito a matsayin Walker, baran gidan wani tsohon kanar na Kudu. Yarinya ta ƙi zuwa barci, sai ya lallashe ta da cewa zai nuna mata sabuwar hanyar hawa bene. Ainihin rawarsa ta fi ƙarfin yarinya a 'yan kwanakin da ake da su, don haka ya sauƙaƙa mata: ya koya mata ta riƙa bugun fuskar matakin da kan yatsa, shi kuma yana cike sauran. In ka lura da kyau za ka ga yadda yake rage kansa don ta fito, yana riƙe da hannunta, yana jiran ta. Wannan ne karo na farko da baƙi da fara suka yi rawa tare a matsayin abokan rawa a fim ɗin Hollywood, kuma a wasu garuruwan Kudu an yanke wurin saboda hannunsu ya haɗu.

Shaƙuwarsu ta gaske ce. Tana kiransa Uncle Billy, kuma har ta tsufa tana faɗin alherinsa, tana cewa bai taɓa yi mata magana kamar wadda ba ta da wayo ba. Ita ce kuma ta ba da labarin yadda suka je Palm Springs yin atisaye, aka sauke ta a masauki na alfarma, shi kuwa malamin nata, wanda ya fi kowa suna a sana'arsa, aka ba shi wuri a ɓangaren direbobi.

To me ya sa wasu baƙaƙen Amurka suka zarge shi da zubar musu da mutunci?

Saboda irin matsayin da ya riƙa fitowa a ciki. A The Littlest Rebel bawa ne mai biyayya a gidan masu yaƙi don a ci gaba da bauta, har yana rawa a titi da yarinyar don su tara kuɗin jirgin ƙasa su je roƙon Shugaba Lincoln ya saki ubangidansa. Baƙar fatan da ya biya kuɗinsa ya zauna a kujerun baya na sinima ya kalli wannan, yana da hakkin ya ji ciwo. Sun kira shi Uncle Tom, zagin da ake yi wa baƙin da ke rusuna wa Turawa, kuma zagin ya yi masa zafi ƙwarai.

Ban ga amfanin a wanke finafinan ba. Ƙarya suke yi game da bauta, suna nuna ta kamar zaman lafiya ne tsakanin ubangida mai kirki da bawa mai fara'a. Amma a dubi abin da ke gabansa. Dokar tace finafinai da aka tsaurara a 1934 ta hana nuna soyayya tsakanin baƙi da fari, don haka babu yadda za a yi ya yi rawa da babbar mace Baturiya. Yarinya 'yar shekara shida ce kaɗai za a yarda ya riƙe wa hannu, shi ma sai in bara ne. A kwatanta da takwarorinsa Turawa da suka fito daga wasan dandamali ɗaya. Fred Astaire ya shiga fim a 1933, cikin shekara biyu ya zama jarumin da ake rubuta labari dominsa. James Cagney, wanda shi ma da rawa ya fara, ya ci kyautar Oscar da fim ɗin 1942. Robinson ya girme su, ya riga su suna, kuma Astaire da kansa ya yi rawar girmama shi a Swing Time na 1936, abin takaici da baƙin fenti a fuska. Su an ba su jarumta, shi an miƙa masa tiren shayi.

Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki shekara huɗu na Fox a shafe shekara sittin da su. Mutumin da ya ƙi shafa gawayi tun ana tilastawa, ya tsaya shi kaɗai a inda aka ce sai mutum biyu, ba a koya masa mutunci ba. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar kare hakkin 'yan wasa baƙaƙe, Negro Actors Guild, kuma shi aka fara naɗawa shugabanta na girmamawa. Ya sa kuɗinsa a ƙungiyar besbol ta New York Black Yankees a zamanin da aka hana baƙaƙe shiga manyan ƙungiyoyi. A 1933 ya je ganin gida Richmond, ya ga yara baƙaƙe 'yan makaranta suna tsallaka wata mahadar titi mai haɗari a unguwar Jackson Ward ba danja, domin hukumar gari ba ta damu da unguwar ba. Ya biya daga aljihunsa aka kafa. A mahadar nan ta titin Adams da Leigh aka kafa mutum-mutuminsa a 1973.

Ya taɓa fitowa a matsayin jarumi kuwa?

Ya fito, a fim ɗinsa na ƙarshe: Stormy Weather na 1943. Ya fito a matsayin sojan da ya dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya yana neman suna a rawa. Yana da shekara 65, wadda aka haɗa shi da ita a soyayya, Lena Horne, tana da 26, kuma ratar tana bayyana. Labarin ba shi da ƙarfi. Darajar fim ɗin ita ce taron da ya yi: mawaƙa Cab Calloway da Fats Waller, Katherine Dunham da 'yan rawarta, da 'yan'uwan nan biyu Nicholas Brothers, waɗanda rawarsu ta ƙarshe a kan matattakala ta nuna inda sabon zamani ya nufa, wato tsalle da tsagewa, abin da Robinson bai taɓa yi ba. Shi kuma ya yi rawa a kan manyan ganguna yana tsallakawa daga wannan zuwa wancan. Ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya saka fim ɗin cikin waɗanda ake adanawa don tarihi a 2001.

A dandamali kuwa ya riga ya sami irin wannan matsayi. A 1939 shi ne tauraron The Hot Mikado a Broadway, cikin tufafi masu ruwan zinariya tun daga hula har takalmi, daga baya aka kai wasan babban bajekolin duniya na New York.

Wane irin mutum ne a bayan fage?

Mai kyauta, mai zafin rai, mai caca. Ba ya shan giya, ba ya shan taba, amma askirim yake sha kamar abinci. Gwani ne a teburin sanuka. Yana kuma da wata baiwa ta daban, gudu da baya: an rubuta masa yadi 75 cikin daƙiƙa 8.2, kuma yakan yi tsere da matasa a garuruwan da ya je wasa don jawo 'yan kallo.

Yana yawo da ƙaramar bindiga mai ruwan zinariya, kuma duk garin da ya sauka sai ya je ofishin 'yan sanda ya gabatar da kansa da takardar izininta. Wannan yana da tushe. A 1908 an kama shi da zargin fashi, aka yanke masa ɗauri mai tsawo, sai da aka sake shari'a aka gano shaidar zur aka yi masa, aka sake shi. Tun daga nan ya ɗauki abota da 'yan sanda a matsayin garkuwa, yana yi musu wasan tara kuɗi kyauta. Mutanen Harlem, unguwar baƙaƙen fata ta New York inda ya zauna, sun ba shi sarautar girmamawa ta magajin garin unguwar.

Ya yi aure? Yana da 'ya'ya?

Aure uku: Lena Chase a 1907, Fannie Clay a 1922, Elaine Plaines a 1944. Fannie ce ta fi daɗewa da shi, fiye da shekara 20, kuma ita ce ke riƙe masa lissafi da wasiƙu. Bai bar 'ya'ya ba.

Da gaske ne ya mutu ba shi da ko sisi?

Da gaske ne. An ƙiyasta ya samu sama da dala miliyan 2 a rayuwarsa, amma caca ta ci nata, kyauta ta ci nata. Ba ya iya ganin tsohon ɗan wasa a cikin wahala ya wuce, kuma wasannin taimako da ya yi kyauta ba su ƙirguwa. Ya ci gaba da aiki har ciwon zuciya ya kwantar da shi a 1949.

Abokinsa Ed Sullivan, ɗan jarida mai gabatar da shiri a talabijin, shi ya tsaya a kan jana'izar. An ajiye gawarsa a barikin runduna ta 369 da ke Harlem, rundunar baƙaƙen sojoji da ta yi suna a Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda mutum kimanin 32,000 suka bi layi suka yi masa bankwana. An yi addu'a a cocin Abyssinian Baptist, Adam Clayton Powell Jr. ya yi jawabi, aka tashi 'yan makarantar Harlem da rana tsaka don su tsaya a bakin titi. An binne shi a maƙabartar Evergreens da ke Brooklyn.

Me ya rage nasa a yau?

A shekarar da ya rasu wasu 'yan rawa suka kafa ƙungiyar Copasetics don tunawa da shi, kuma su ne suka riƙe rawar taf a shekarun da kasuwarta ta mutu, har matasa irin su Gregory Hines suka zo suka karɓa. Hines ɗin ne ya fito a matsayinsa a fim ɗin talabijin na 2001. A 1989 Shugaba George H. W. Bush ya sa hannu a kan ƙudurin da ya mayar da 25 ga Mayu, ranar haihuwarsa, Ranar Rawar Taf ta Ƙasa, kuma yanzu 'yan rawa a ƙasashe da dama suna bikinta.

Shahararriyar waƙar nan "Mr. Bojangles" a kansa aka yi ta?

A'a, kuma ana yawan yin wannan kuskure. Jerry Jeff Walker, wanda ya fitar da ita a 1968, ya bayyana cewa wani ɗan rawan titi ne da ya haɗu da shi a ɗakin tsare mutane a New Orleans, wanda ya ari laƙabin don ya ɓoye sunansa. A lokacin 'yan rawan titi da yawa suna amsa wannan suna saboda shaharar mai shi. Mutumin cikin waƙar mashayi ne mai yagaggun kaya, Robinson kuwa bai sha ba, kuma an san shi da tsabtar tufafi. Kiɗan da aka yi dominsa tun yana raye shi ne "Bojangles" na Duke Ellington, wanda aka naɗa a 1940.